Tandar Yaya Ladi

Ina shiga gidan kula da tsofaffin nan na Gwallameji na tarar da yayata Ladi tana jijjiga ƙofa, tana zagin ma'aikaciya.

Ciwon mantuwa ne ya kama ta. Kullum da sassafe haka take yi, har sun ce in ba ta daina ba sai dai a riƙa ba ta maganin barci.

Ni kuwa na san inda za ta. Tun ina yaro take suyar masa a Ɗan Iya, rana ba ta taɓa riga ta fitowa ba.

Washegari na kawo tsohuwar tandarta da cokali. Ba wuta, ba ƙullu. Ta zauna, ta gyara zani, ta kama juyawa.

Na matsa na ce, "Yaya, a ɗan sammini mana."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Malam, ban san ka ba. Koma baya, akwai mutane gabanka."

Ni kaɗai ne a layin, amma na koma na jira. Tun ranar ba wanda ya sake zancen maganin barci.

Ku masu tsofaffi a hannu, naku me suke tashi nema da safe?