Jar Kazar da Ba Ta Shiga Gidan Baba Lamidi Ba

A unguwarmu ta masaƙa a Iseyin, in ka ce Baba Lamidi, sai a ce maka, "Mai salwa?" Da can masaƙi ne na ji da gani, amare har layi suke yi a kan zanensa. Da idonsa ya fara hazo zare ya gagare shi, sai ɗansa da ke Ibadan ya kawo masa 'yan tsakin salwa a kwali, wai ya rage zaman banza. Ashe an ɗaura wa tsoho sabon aure ne.

Ya ƙera musu keji a bayan gida, ya yi rufin ƙasa-ƙasa ya lulluɓe shi da buhu, domin salwa in ta razana sama take zabura ta fasa kai. Da safe zai tsince 'yan ƙwayayen nan masu ɗigo-ɗigo yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Matarsa Iya Sidi takan ce ita tun tana amarya ba ta taɓa samun irin wannan muryar ba.

Doka ɗaya gare shi: kaza ba ta shiga gidansa, mai kaza ma iyakarsa zaure. A ƙofar bayan gida akwai kwanon ruwan magani na tsoma ƙafa, da silifas da riga waɗanda ba sa fita ko'ina. Ni katanga ɗaya ta raba mu, kuma kaji nake kiwo, don haka a wurinsa da ni da mai ƙyanda duk ɗaya ne. Nakan leƙa ta kan katanga in ce, "Baba, a gaishe min da 'yan gata."

"Za su ji, Iya Wasiu. Ki dai ja da baya, iska ta wajenki take busowa."

Ban ga laifinsa ba. Duk rani ciwon kaji da muke kira lukuluku kan shigo gari, ka ga kaza ta sunkuya, wuya ya murɗe, kafin ka ankara akurki ya zama wayam. Kaza ta gida da ta saba cin bola ma ba ta sha ba, balle tsuntsuwar da ba ta cika tafin hannu ba.

Abin da kowa ya sani, amma ba mai tayarwa, shi ne Baba Lamidi yana da wa a bayan masallaci, Baba Raimi, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shekara da shekaru ba sa ga maciji. Baba Raimi ne ya sare lemun da ubansu ya shuka don ya faɗaɗa rumfar saƙa, bai shawarci ƙanensa ba. Shi ke nan fa. An yi sulhu har an gaji. Ga su tsofai-tsofai, kowa da furfura, amma in sun haɗu a jana'iza kowa sai ya kama gabansa.

Ranar nan ana tsakiyar annoba, ni kaina na riga na binne kaji, sai ga Baba Raimi tafe da sanda, ya ci babbar riga, ya maƙale wata jar kaza a hammata. A wurinmu in babba ya ba ka kazar kiwo, ba a yankawa, ba a sayarwa, ba a mayarwa. Kiwonta za ka yi, in ta ƙyanƙyashe ku raba 'ya'yan, gida biyu sun ƙullu ke nan. Wanda ya ƙi karɓa kuwa ya ce ba shi ba kai har kabari.

Baba Lamidi ya fito zaure, ya ga yayansa, ya ga kazar. Wallahi na ji tausayinsa. Ya zube ƙasa rub da ciki kamar yadda ƙane ke gaida wa, gwiwoyinsa na ƙara.

"Tashi, tashi, kada ka karye a ce ni ne," in ji Baba Raimi. Ya miƙa kazar. "Ungo. Na gaji da fushin nan, ba ƙiba yake sa ni ba."

Baba Lamidi ya miƙa hannu biyu ya karɓa, ya rungume ta a ƙirji, mutumin da ko gashin kaza ya gani a ƙofarsa sai ya ƙone shi. Ya waiga bayan gida inda salwa ke ta 'yan koke-kokensu, ya juyo. Iya Sidi ta kama baki.

"Yaya, na karɓa, Allah ya bar zumunci. Amma ina da roƙo."

"To, an fara."

"Gidana ba inuwa. Bayan gidanku kuwa, inda... inda lemun nan yake a da, akwai sanyi. Ku ba ni aron wurin in kafa mata akurki. Tawa ce, ni zan riƙa zuwa ina ba ta abinci, ba zan ɗora muku wahala ba."

Baba Raimi ya gyara riƙon sandarsa. Ya san labarin salwa sarai, duk gari an sani.

"Kullum za ka zo?"

"Kaza ai kullum take ci, Yaya."

"To ka zo da tsabarka, ba na ciyar da kazar wani."

Tun daga ranar aikin Baba Lamidi ya ninka. Da safe sai ya gama da salwa tukuna, sannan ya sa wata riga dabam ya nufi bayan masallaci da masara a leda. In ya dawo ba ya wuce zaure sai ya yi wanka da sabulu ya sauya kaya, rigar kuma ta shiga bokiti. Da fari ba ya daɗewa a can. Daga baya sai ga allon ayo, irin dararmu, ya fito, ana zuba ƙwaya ana musu, har ta kai amala da miyar ayoyo a can ake kai masa. Iya Sidi ta ce watsa masara dai ba ta taɓa ganin wanda ke kai mutum la'asar ba. Salwa kuwa ko ɗaya ba ta yi atishawa ba a ranin nan.

Ana nan sai Baba Lamidi ya kwanta zazzaɓi na 'yan kwanaki. A tsakanin ne Baba Raimi ya aiko a kira ni. Na same shi a bayan gida ya yi tagumi, jar kaza a miƙe, wuya a murɗe.

"'Yata, ke kin san kaji. Ki samo min irinta sak, daga ƙauyen da ciwon bai je ba. In ƙanena ya ji ta mutu, me zai kawo shi kuma? Kada ki gaya masa, don girman iyayenki."

Muka binne ta da zurfi. Na sha yawo kafin in samo ja mai irin tsayinta, amma ƙafarta ta fi haske, na ce ai tsoho mai hazon ido ba zai lura ba.

Da Baba Lamidi ya warke ya koma, ya ƙone tsohon akurkin wai ƙuma ta kama shi, ya zuba toka da magani a wurin, ya kafa sabo a can gefe. Da yamma na ji ya kira ni ta kan katanga, abin da bai taɓa yi ba.

"Iya Wasiu, kin iya zaɓe. Sai dai waccan muryarta ta fi kauri."

Na rasa inda zan sa kaina. Ya yi 'yar dariya, amma idonsa ya kawo ruwa.

"Kada ki gaya wa Yaya na gane. Ya wahala wurin ɓoyewa."

Washegari da hantsi na gan shi ya fito da ledar masararsa, ya nufi bayan masallaci.