Sallah a Tsaye a Ƙasar Ƙanƙara

Na yi aikin tafinta a wata ma'aikatar tarayya har na yi ritaya, kuma duk nahiyar da aiki ya kai ni sai na shimfiɗa darduma na kai goshina ƙasa. Guda ɗaya ta rage mini, ta can ƙarshen kudancin duniya, inda babu gari babu gona, sai ƙanƙara. Ranar da na gaya wa babban ɗana a falona na Gwarinpa, sai da ya ajiye cokali.

"Hajiya, tsararrakinki fa Umara suke zuwa."

"Na je, kai ma ni na kai ka. Miƙo min yajin nan."

Na sha shiga kwalekwale a Lakwaja, na ƙetare Kogin Nilu a jirgin fito, amma ban san ruwa yana da fushi ba sai a tekun da babban jirgin ruwa ya ratsa da mu zuwa can. Faranti ya riƙa gudu a kan tebur. Turawan da na haifi kamarsu suka kwanta suna amai, ni kuwa na riƙe ƙarfen gado ina taunar citta.

Da muka iso, shugabar masu yi mana jagora, wata Bafaranshiya mai jan hanci saboda sanyi, ta tara mu. Aka bi aljihunanmu da injin zuƙe ƙura don kada mu shigar da baƙon iri, har aka zaƙulo ƙwayoyin riɗi a nawa, ragowar kantun da na ci tun a Abuja. Sannan ta karanto doka: idan an sauka, ba zama, ba durƙuso, ba ajiye komai a ƙasa. Tafin takalmi kaɗai zai taɓa ta.

Na tare ta da Faransanci don kada ta fake da rashin fahimta.

"'Yata, ni sujada ta kawo ni. Gwiwa biyu, tafi biyu, da goshi."

"Mama, ko ni ban isa ba. Murar tsuntsaye ce. Abin da ya manne a gwiwarki nan, gobe shi za ki kai wani tsibirin. Ki yi a jirgi mana, zan ba ki ɗakin taro."

"Jirgi ai na kamfani ne. Ƙasar Allah nake nema."

Na yi fushi, amma ban iya ƙaryata ta ba. Na ga yadda cutar nan ta share kajin maƙwabciyata a Kuje, aka kwashe su a baro. Sai dai ban yarda cewa zaɓin biyu ne kawai ba, ko in karya doka ko in koma hannu rabbana.

Mahaifina manomin shinkafa ne. Idan la'asar ta riske shi a tsakiyar fadama, taɓo har ƙwauri, ba ya barin lokaci ya fita. Yakan fuskanci gabas ya yi sallarsa a tsaye, ya sunkuya don ruku'u, ya ƙara sunkuyawa don sujada. Malamansa sun ce ya halatta.

Na yi alwala a jirgi, aka sauke mu a ƙaramin jirgin roba. Tsuntsayen nan masu tafiya kamar alhazai, waɗanda ba sa tashi, sun cika gaɓar, warinsu ya fi na kasuwar kifi ta Kado da tsakar rana. Na nemi alƙibla a wayata. Bafaranshiyar ta taho da sauri.

"Mama..."

"Dubi gwiwata da kyau. In ta taɓa ƙasa, ki mayar da ni."

Ta tsaya, ta kuma ɗaga hannu ta tsayar da masu ɗaukar hoto. Na kabbarta cikin takalmin roba da rigar sanyi mai nauyin buhu. Iska tana yanka mini fuska, bayana yana ƙara a kowace sunkuyawa, har na sallame.

Goshina bai taɓa ƙasar nan ba. Na lissafa ta duk da haka cikin nahiyoyin da na yi sallah a kansu, kuma ban nemi fatawar kowa ba.