Ton Arba'in na Fa'izu

Fa'izu ɗan Kande na Malbaza tun yana lakwal, makarantar boko, kansa ya fi jikinsa nauyi, in iska ta taso sai an riƙe shi. Da ya girma sai ya samu aiki garejin Alhaji Mato mai manyan motocin siminti, aka damƙa mishi kwamfutar sikeli, wata tsohuwa da ta girmi rijiyar unguwa.

Cikinta akwai lamba guda, ton arba'in, iyakar lodin mota. In an wuce, takardar fita ba ta bugowa. Wansa Chindo direba ne a garejin, shi ya sa Fa'izu ke tsaron lambar nan kamar idonsa.

Ya kulle ta da kalmar da ke cewa a karanta kawai, ba a canzawa. To amma kowa na iya goge kalmar. Sabon yaren kwamfuta ya san tambayar ko abu kulle yake tun lokacin harhaɗa manhaja, kafin ta fara aiki. Tsohon yaren da ke hannun Fa'izu kuwa kurma ne. Sati ukku yana fama, har tuwo ya manta kamanninsa, sannan ya ɗana tarko: in lambar buɗe take, sai a umurci tsohuwar ta gina rumbu mai faɗin ƙasa da sifili. Ba ta iyawa, sai ta tsaya cik.

Da gazuwal, man manyan motoci, ya yi tsada, Alhaji ya ce a mai da lambar arba'in da biyar. Fa'izu ya ƙi. Aka ɗauko wani Muhsin mai gyaran kwamfuta daga Konni, ya goge kalmar, ya danna. Manhaja ta ƙi haɗuwa. Kwana biyu motoci na jere har kusan Bazaga.

"Kai ɗan Kande, asiri ka yi mata?" in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, burkin motocinga bai ɗaukar ƙari."

"Kai ka haifi burkin? Kwance abinka!"

Fa'izu ya sunkuyar da ƙaton kansa, bai kwance ba. Alhaji ya zare wayar sikeli da hannunsa, ya kore shi, aka koma lodi da ido. Idon Alhaji kuwa bai san ƙoshi ba.

Wata guda bayan nan burkin motar Chindo ya tsinke kusa da Dogarawa. Mutanen da sunka kwashe buhunan sun ce sun ƙirga abin da ya haura ton hamsin da biyar. Chindo ya rayu, ƙafafunsa biyu sunka tafi.

Yanzu Fa'izu na gyaran waya bakin tasha, yana tura wansa cikin keken guragu safe da yamma. Wata Juma'a, kan hanyar masallaci, ya ce, "Yaya, wallahi tarkon ya yi aiki. Ba su iya taɓa lambar ba."

Chindo bai waiwayo ba.

"Na sani, mai ilimi. Da ka bar su sunka taɓa ta, da arba'in da biyar za su tsaya. Tura mu, an kusa tada salla."