Andrawus da Ƙudujin Gonar Saude

In kun taɓa bi ta Kazage da damina, ƙila kun ga wani dogon dattijo a sunkuye cikin dawa, da buhu rataye a kafaɗa. Andrawus ke nan. Daga kudancin Kaduna ya zo tun yana saurayi, ya yi noma, ya yi aure, har ya aurar. Mutum ne da ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kau da kai. To, amma gonar da kuke ganinsa a ciki ba tasa ba ce, ta Saude ce, matar maƙwabcinsa marigayi Habibullahi.

Shekarar da Habibullahi ya rasu, gonarsu ta cikin daji ta gagari shiga saboda ɓarayi. Sai 'yar ta bayan gari ta rage wa Saude da marayunta. Andrawus ya duba, ba shi da abin bayarwa sai jujin gidansa. Ya kwashe shi kaf a amalanke ya zube mata a gona, taki ne mai kyau, baƙi wuluk. Abin da bai kawo a ransa ba, a kan jujin nan yake jibge ƙudujin da yake cirowa daga gonarsa, da furensa da komai.

Kun dai san ƙuduji. Ƙwayarsa ta fi garin barkono laushi, kuma ko an tuge shi, in ya riga ya yi fure, sai ya ƙarasa nuna a yashe. Ya kwanta a ƙasa shekaru, ba ya tsira sai ya ji saiwar dawa kusa, ya manne mata ya yi ta tsotso. Kafin jan furen nan ya leƙo waje, dawa ta riga ta ƙanjame kamar an yi fari.

Da gonar Saude ta yi jajir, Andrawus ya tsaya a bakin kunya, ya ga furen ya fi yawa daidai inda amalanke ta juye. Ya koma gida ya kasa cin tuwo.

Ita kuwa Saude, ƙanwarta Huseina ta ɗora wa laifi, don daga Kutemeshi Huseina ta aiko mata da iri. Aka yi cacar baki, zumunci ya yanke. Ko sunan ɗan Huseina Saude ba ta je ba. Andrawus yana ji yana gani, bakinsa ya yi nauyi. Sai ya kama cire mata ƙuduji kafin ya yi fure, ya kai nesa ya ƙone. Mutane na ta sa masa albarka, shi kuwa kowace albarka kamar mari.

Bara ya lallashi Saude ta shuka waken soya a rabin gonar, don ƙuduji na tsira saboda shi amma ba ya iya kama shi, sai ya mutu.

"Baban Jemima, tuwon soya za mu ci?" in ji ta. "Ka je ka faɗa wa Huseina, ita da ta ja mana."

Ya ajiye buhu. "Maman Naziru, ba Huseina ba ce. Takina ne."

Ta dube shi. "Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da ya fara fure."

"Gona dai ka zo da alheri, Allah ya gani," ta ce. "Amma ƙanwata fa? Ka bar ni ina gaba da ita, kana nan kana tuge ciyawa?"

Sai ta ƙara jefo masa tambaya.

"Babur ɗinka na da mai?"

"Akwai."

"To, Naziru zai ɗauke ni a kai gobe. Kai ka biyo mu a motar kasuwa. Da bakinka za ka faɗa mata, ina tsaye."

Washegari tun kafin direba ya gama shayi Andrawus na zaune a gidan gaba na motar, da hularsa ta zuwa coci, yana ta maimaita abin da zai ce wa Huseina.