Shekarar da Ba a Shuka Gonar Yaya Ba

Ni ne ɗan boko a gidanmu, malamin firamare a Kontagora, shi ya sa ni aka tura cikin ofishin likita. Abin da karatuna ya jawo mini ke nan.

Yayana manomi ne a Tungan Magajiya. Ranar kasuwa ya ɗauro buhu biyu na wake a babur, gab da shiga Kontagora wata motar itace ta goge shi, kansa ya bugu da kwalta. Hular kwano kuwa tana gida, har kaza ta taɓa yin ƙwai a cikinta. Kwana tara bai buɗe ido ba, sai aka ce mu kai shi Minna a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa.

Likitan ya maƙala hoton a wani allo mai fitila. Ni dai abin da na gani kamar an yayyanka kabewa an jera. Ya sa bakin biro ya nuna mini wasu ɗige-ɗige can ciki.

"Malam, da gudan jini ne wuri ɗaya, da mun buɗe mun cire," in ji shi. "Wannan jijiyoyi ne suka tsittsinke a wurare da yawa. Zai iya farfaɗowa, ya ci abinci, wataƙila har ya taka. Amma mutumin da kuka sani, da wuya ya dawo. Hoto ba Allah ba ne, sai dai ba na so ku zauna kuna jira."

A waje matar Yaya na zaune a benci da kwanon kunun da ba mai sha. Tun da aka kawo ta gidanmu muke wasa da ita, tana kirana ƙaramin maigida, ina ce mata tuwonta sai da gatari. Ta miƙe ta ce, "Ƙaramin maigida, ya jikin nasa?"

Na ce, "Da sauƙi."

A wurinmu ba a amsa wannan tambaya da wata kalma. Na taɓa jin an ce da sauƙi alhali ruwan wankan gawa na kan wuta. Na faɗa wa kaina gaisuwa na amsa, zancen hoto sai mun koma gida. Da muka koma sai na cusa ambulan ɗin da hoton ke ciki ƙarƙashin katifata.

A mako na uku Yaya ya buɗe ido. Matan coci na maƙwabta suka zo suka yi waƙa, liman ya yi addu'a, kowa na cewa ai ga shi nan. Ido ne kawai. Yana kallonka kamar yadda yake kallon bango.

Mu kuma muna da al'ada tun kakanni: mai gona ne ke jefa irin farko da hannunsa. Ba mai shiga gonar mutum da iri matuƙar yana raye, sai in an tabbatar wa dangi ba zai iya ba. In an tabbatar, gayya ake kira, a shuke ta rana ɗaya. Kalma ɗaya daga bakina ta isa.

Ruwa ya sauka. Kawunmu ya zo da kansa ya ce a kira gayya, matar Yaya ta ce, "Kawu, ƙaninsa ya ji daga bakin likita, ya ce da sauƙi. Zai tashi ya shuka abinsa." Kowace Asabar nakan hau babur da niyyar faɗa mata. Sai in tarar ta yi masa aski, ta zaunar da shi gindin mangwaro, ta ajiye fartanyarsa kusa da shi ko zai tuna. Sai bakina ya mutu. Tsoro ne, ba tausayi ba, ko da yake tausayi na kira shi a lokacin.

Ranar da dawar maƙwabta ta kai gwiwa, ta ce in kama mata shi mu kai shi gona. Ciyawa ta cinye ko'ina. Ta sare rami ɗaya, ta zuba masa iri a tafin hannu, ta yi masa magana a hankali da Dukanci, yarenmu. Ya daɗe yana kallon irin, sannan ya kai baki ya fara tauna.

Ta juyo gare ni. "Me hoton ya ce? Ba gaisuwa nake maka ba."

Na faɗa mata duka, yadda likita ya faɗa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun Minna."

Ba ta yi kuka ba. Ta sa yatsa ta ciro irin daga bakinsa, ta goge a zani. "Shi Allah ne ya yi masa," ta ce. "Yunwar yarana bana kuwa, kai ne."

Lokacin shukar dawa ya wuce, wake kaɗai aka samu aka jefa a shekarar, bai kuma yi abin kirki ba. Yaya na nan har yau gindin mangwaro. Ita kuma tun ranar ba ta sake ce mini ƙaramin maigida ba, Malam take kirana kamar baƙo. In na je na durƙusa na ce ya mai jiki, sai ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Da sauƙi."