Lambar Wayar Umara Mai Wankin Hula

Wani kamfanin wasan bidiyo na ƙasar waje ya ɗauki hoton shagon Umara mai wankin hula da ke unguwar Abbaganaram a Maiduguri, ya saka shi cikin gem ɗin harbe-harbe a matsayin maɓoyar 'yan ta'adda, kuma ya bar lambar wayarsa a jikin allon shagon, ɓaro-ɓaro, kowa na iya karantawa. Ba su tambaye shi ba. Ban ma jin sun tsaya tunanin ko mai lambar yana raye.

Ni maƙwabciyarsa ce, katanga ɗaya ta raba mu. Ruwan wankinsa ta ƙofar gidana yake bi, kuma mun sha yin faɗa a kan haka, saboda haka kada wani ya ce son kai ne ya sa nake wannan rubutu. Umara mutum ne mai taurin kai da saurin fushi. Ka taɓa jiƙaƙƙiyar hula a gabansa ka ji abin da zai faɗa maka, rabi da Hausa, rabi da Barbarci. Amma a unguwar nan babu wanda ya taɓa kama shi da abin kunya.

Sana'ar ta gado ce. Tun yana ƙarami yake riƙe wa mahaifinsa buroshi, har ya gaji shagon da kawunan itacen da ake kifa hula a kai ta bushe. Da hantsi za ka ga ya jera su a rana a bakin hanya, hula ƙirar zanna a gefe, ƙirar bama a gefe, kowace ta sha sitati ta tsaya cak. Ya san kan kowane magidanci a layinmu. In ka kawo hular da ba taka ba, kafin ka buɗe baki zai tambaye ka lafiyar mai ita.

Da gari ya rikice, unguwarmu ta kusa zama kango. Wasu sun tafi Kano, wasu Bauchi, ni kaina na yi watanni a wajen ƙanwata a can wajen GRA. Umara bai gusa ba. Da zarar an sassauta dokar hana fita zai buɗe shago, ko da hula biyu ce a hannunsa, ya jera su a rana kamar ba abin da ke faruwa. Na taɓa ce masa, "Ya Umara, wa kake wa wannan kwalliya? Gari babu kowa."

Ya ce, "Hajja, in sun dawo da kai za su dawo. Kai kuma sai da hula."

Yana da ƙane, Tahir, wanda shi ya raine shi bayan rasuwar iyayensu. Tahir direba ne, yana ɗaukar kaya zuwa Bama. Shi ya saya wa Umara layin waya, shi kuma ya hau benci da gwangwanin fenti ya rubuta lambar a jikin allon shagon, da rubutunsa mai karkata kamar zai faɗi. A shekarar 2014 ya fita da mota wata safiya, bai dawo ba. Ba a ga motar ba, ba a ga gawa ba. Malamai sun ba Umara shawarar a yi wa Tahir sallar gawa a huta, ya ƙi. Hujjarsa ɗaya ce: Tahir ya haddace lambar nan. Duk inda yake, ranar da ya samu waya a hannunsa, ita zai kira. Tun daga lokacin wayar Umara ba ta mutuwa. In babu wuta, gara ya bar shago a buɗe ya tafi wajen mai caji ya tsaya a kanta.

Shekaru suka wuce a haka, sai kira ya fara shigowa daga lambobin da bai sani ba. Wasu su yi Turanci da sauri su kashe. Wasu su yi ƙarar bindiga da baki, ana dariya a bayansu. Wasu kuma, waɗanda suka fi ci masa rai, su kira su yi shiru. Ta katanga nake jin muryarsa: "Tahir? Tahir, kai ne? Yi magana, ba kowa a nan sai ni."

Garzali ne ya gano tushen abin. Bakano ne, yana da gidan gem a bakin titi, inda samari ke taruwa gaban talabijin. Wata rana da la'asar ya zo da kansa, ya tsuguna ya gaida Umara, ya ce, "Baba, don Allah ka zo ka ga wani abu. Hajja, ke ma ki zo, don ni ban san yadda zan faɗa masa ba."

Ban taɓa shiga gidan gem ba sai ranar. Garzali ya sallami samarin, ya kunna. Ga wani gari a talabijin, wai sunansa Dabrun, garin da babu shi a duniya. Wani soja yana gudu cikin lungu, Garzali na juya shi da yatsu. Ya sha kwana, sai ga shagon Umara. Ƙofar nan mai ruwan ganye, bencin, kawunan itace a jere da huluna a kansu, har da lambatun da muke faɗa a kansa. A sama ga allon, da rubutun Tahir mai karkata. Inda aka rubuta Abbaganaram sun goge sun sa Dabrun. Lambar kuwa ba su taɓa ta ba.

Ku lura da wannan, don a nan raina ya fi ɓaci. Wani ya zauna a ofis mai sanyi ya dubi allon nan da kyau, har ya ga akwai sunan unguwa da ya kamata a cire don kada a kama su da laifi. Ya cire. Lambar mutum tana ƙasa da shi kaɗan, ya bar ta.

Umara ya matsa dab da talabijin ya ce, "To, me ake yi a shagon nawa?"

Garzali ya sunkuyar da kai. "Baba, makamai ake ɓoyewa a ciki. Sai ka jefa gurneti ka tashi wurin kafin a ba ka hanya ka wuce."

"Ni ina ina lokacin?"

"Ba ka ciki, Baba. Wasu ne masu rawani."

"Hulunan fa? Na mutane ne fa."

"Su ma ana harbinsu. Ana samun maki."

Umara ya nuna da yatsa, ya ce, "Waccan ta ƙarshe ta Ba'ana mai goro ce. Allah ya ji ƙansa." Sai ya tuna da wani mai kyamara da ya taɓa biyowa ta layinmu, ya nemi izinin ɗaukar hulunan, wai sun yi masa kyau. Umara har ya gyara musu jeri, ya kawo wa mutumin ruwa. Ta hannun wa hoton ya bi har ya isa kamfanin, ba mu sani ba.

Garzali ya cire gem ɗin daga shagonsa ranar, duk da samarin sun yi ta ƙorafi. Ya kuma rubuta wa kamfanin ta intanet, da Turancinsa da nawa muka haɗa. Amsar da suka turo gajeriya ce: wai garin Dabrun ƙirƙirarre ne, duk kamar da ya yi da wani wuri ko wani mutum dacewa ce kawai. Dacewa! Lamba goma sha ɗaya a jere, ka danna su waya ta yi ƙara a aljihun tsoho a Maiduguri, wai dacewa.

Abin bai tsaya nan ba. Ashe cikin masu kiran akwai wanda ya naɗi muryar Umara yana kiran sunan Tahir, ya watsa. Sai masu kira suka samu sabon abin wasa. Yawancinsu da Turanci suke cewa su ne Tahir, waɗannan ba sa ruɗa shi, don Tahir bai taɓa yi masa Turanci ba. Amma wata safiya wani ya kira da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ni ne Tahir, ina Tashar Bama, zo ka ɗauke ni." Umara ya bar hula cikin ruwan sitati, ya fita ko takalmi bai daidaita ba. Wuni ya yi a tashar yana leƙa fuskar duk wanda ya sauko daga mota. Da ya kira lambar, a kashe. Gab da magariba ya dawo shi kaɗai. Wanda ya yi wannan ɗan ƙasar nan ne, yana jin Hausa, ya san abin da hanyar Bama take nufi a wajenmu. Shi na bar shi da Allah.

Washegari dattawan layi suka same shi a shago, ni ma na fito. Kowa bakinsa ɗaya: ya sake layi, ya shafe allon. Ni ce ma na fi kowa ɗaga murya. Na ce, "Ya Umara, za su kashe ka da hawan jini. Sim nawa yake? Ni zan saya maka."

Bai ɗago daga hular da yake gogewa ba. Ya ce, "Hajja, in na sake, Tahir ya kira ya ji wa?"

"To ka daina ɗaukar baƙuwar lamba."

"Da lambar da na sani zai kira ni? Ke ma dai." Ya ajiye buroshin. "Masu bindigar gaske sun zo unguwar nan ban gudu ba, ban sauke allon nan ba. Yanzu don 'yan wasa zan sauke? Lambata ce. Su suka shigo mini, su za su fita."

Dattawan suka watse. Ni ma daga ranar na daina ba shi wannan shawara, don na gane kuskurena: ina neman wanda aka zalunta ya matsa, wanda ya yi zaluncin ya zauna daram. Har yau wayar tana ƙara, har yau yana share hannu a jikin riga ya ɗauka da sallama, kowane kira.

Ni ban ce kada a yi gem ba, 'ya'yana ma suna yi. Amma ku masu ƙirƙirar gem, in kuna son garin ƙarya, ku zauna ku ƙirƙiro shi tun daga tushe, ku zana ƙofofinku, ku sa lambobin da ba sa shiga wayar kowa. In kuma Maiduguri kuke so, ku kira ta da sunanta, ku zo ku tambaye mu, mu gaya muku wanda ya ɓoye makami da wanda ya zauna yana wanke hula. Amma ku kwashi lungunmu da ƙofofinmu ku liƙa musu sunan banza don ku samu bakin cewa ba mu ba ne, wannan sata ce da rainin hankali.

Saboda haka ga abin da muke nema daga kamfanin nan, kuma ba roƙo ba ne. Garzali ya ce kuna iya gyara gem daga inda kuke, ya canza a hannun kowa a duniya. To ku cire lambar Umara da shagonsa gaba ɗaya. Ku sanar da masu buga wasanku, da bakinku, cewa layin na mutum ne mai rai da ke jiran kiran ɗan'uwansa, su sakar masa shi. Sannan babbanku ya kira Umara ya ba shi haƙuri, ya nemi tafinta in ba ya jin Hausa. Ku yi wannan a cikin watan nan.