Jan Fenti a Jikin Gawo

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kalgo, na jawo wa wani tsoho asarar geronsa da gwangwanin jan fenti guda ɗaya. Ban taɓa ba ku labarin ba, don ba irin wanda ke ƙara wa mutum kwarjini ba ne. Amma tun da kun dame ni da tambayar gawon nan da nake sa hotonsa kowace damina, bari in faɗa muku.

Abokina da muka taso tare a Gwandu ya samu karatu a wata ƙasa can ƙuryar arewacin Turai. Da suka yi hutu, shi da 'yan ajinsu suka shiga wani gandun daji na gwamnati, suka yi kwana biyar suna tafiya a ƙasa. Ba farauta, ba neman magani, tafiya kawai. Ya dinga turo min hotuna: duwatsu, tafkuna, ƙanƙara a kan tsauni, da wasu dabbobi kamar barewa masu ƙaho kamar reshen itace. Ya ce rana ma ba ta faɗuwa a lokacin, sai ya duba agogo yake sanin lokacin salla. Na tambaye shi yadda ba sa ɓata a dajin da babu wanda za a tambaya hanya. Sai ya turo hoton wani dutse da ɗigon jan fenti a jiki.

Ya ce, "Wannan kawai ake bi. In kana tsaye a wannan, kana hango na gaba. Ba ka buƙatar kowa."

Maganar nan ta hana ni zama. Ina rubutu a allo, hankalina yana kan tsauni. In an tashi daga makaranta sai in shiga ɗaki in fito, in sake shiga, in ɗauki waya in ajiye. Ɗakina ya yi min kaɗan, Kalgo ta yi min kaɗan. Gaskiya hassada ce, ba sai an yi mata kwalliya ba. Mun yi wasan ƙasa tare da mutum, yau yana taka inda rana ba ta faɗuwa, ni kuwa iyakata bakin titin Jega.

Da hutun ƙarshen shekara ya zo, a watan Agusta, na koma gida da shawara a raina. Zan taka daga Gwandu zuwa Kalgo ta tsohon burtali, in sa masa alama kamar na Turawa, in ɗauki hotuna, wata rana wasu su bi. Na sayi takalmin gwanjo mai nauyi, da jakar goyo, da gwangwanin jan fenti da buroshi.

Mahaifiyata ta dube ni ta dubi jakar. "Wani ya rasu Kalgo?"

Na ce babu.

"To mota ta ƙare garin?"

Na ce motsa jiki ne, Inna. Ta ce in motsa jiki nake so, ga gonar gidanmu can ta yi ciyawa. Na yi kamar ban ji ba.

Hanyar kuwa ban san ta ba, sai na je wurin kawuna, wan mahaifiyata, makiyayi ne da ke zaune a ruga kusa da gari. Ya yi shekara fiye da arba'in yana kora shanu a burtalin nan. Na same shi yana cire wa wani maraƙi kaska. Bai yi min dariya ba, amma bai ɗago kai ba. Ya lissafa min hanyar da itatuwa: tsamiya mai kogo, kukoki biyu da ke fuskantar juna, tsohuwar rijiya, gawo mai rassa uku, haka har bakin fadama. Na rubuta duka a littafin darasi.

Ya ce, "In ka iske gari, ka gaida maigari kahin ka wuce. Ka hwaɗi ko ɗan wa kake."

Na ce to, Kawu. A raina kuwa na ce ai amfanin tafiyar ke nan, ba ka buƙatar kowa. Zancen fenti ban yi masa ba.

Na fita da sassafe. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi laushi, gero ya fitar da kai ko'ina, saura 'yan makonni a fara cin tumu. Ban tsaya kallon wannan ba. Sauri nake, kamar ana jirana. In na kai itacen da Kawu ya faɗa sai in buɗe gwangwani, in zana jan da'ira daidai ƙirjina, in ɗauki hoto, in wuce. Ƙauye biyu na ratsa ta bayan gari don kada a tsare ni da gaisuwa. Wasu mata masu ɗauke da ƙwaryar nono suka tsaya suna kallona, na ɗaga musu hannu kamar wani babban jami'i.

Wajen azahar burtalin ya fara tsukewa, har ya zama 'yar siririyar hanya, sannan ya ƙare ƙurmus a bakin wata gonar gero. Na duba littafi. Gawo mai rassa uku. Na ɗaga kai, ga shi can a tsaye cikin gonar, ba ganye ko ɗaya kamar yadda gawo yake da damina, gero ya kewaye shi. Da mai hankali ne da ya tsaya ya tambayi kansa yadda aka yi hanyar shanu ta koma gona. Ni murna na yi na gano shi. Na kutsa cikin geron, na shafa masa da'irar da ta fi kowace girma, na fita ta ɗaya gefen na shafa wa wani dutse.

Sauran tafiyar ba abin alfahari. Na kwana wurin wani malami ɗan'uwana a wani ƙauye. Washegari takalmin gwanjo ya yi min ƙafa ruwa-ruwa, kafin la'asar na tare mai babur, ko garin Diggi da ke kan hanya ban gani da ƙafata ba. Na sa ya sauke ni nesa da gari don in shiga Kalgo a ƙasa. Na tura wa abokina hotuna, na ce mu ma muna da namu.

Kwana huɗu bayan nan Kawu ya kira ni. Mutumin da ba ya kira sai da Salla.

"Kana ina?"

Na ce Kalgo.

"Kai ka shahwa ma itace ja?"

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"Itacen da na lissahwa maka, su ɗai anka shahwa. Ko guda ba a kuskure ba. Ka taho yanzu."

Na je ruga na ɗauko shi muka nufi gonar gawon. A hanya ya ba ni labari, muna kan babur, shi a baya yana magana a kunnena. A shekarun baya an taɓa turo kwamiti a wani yanki kusa da nan don fitar da burtali, kuma da jan fenti suka yi alama. Duk wanda gonarsa ta faɗa ciki an kira shi gaban hakimi, an sare amfanin. To mutanen ƙauyen da gonar nan take sun wayi gari sun ga ja a jikin itatuwa, an ce an ga wani mai jaka da littafi yana ɗaukar hoto, bai gaida kowa ba. Suka ce Fulani sun kai su ƙara a ɓoye. Kwana uku ke nan ba wanda ya sayi nonon matan ruga a ƙauyen, samari kuma sun fara tare shanu a mashaya.

Na ce, "Kawu, ai sai in gaya musu ni ne, shi ke nan."

Ya ce, "Allah shi sa mu iske hatsin tsaye."

Ba mu same shi a tsaye ba. Tun daga nesa na hango gawon a fili. Daga bakin gonar har dutsen da na shafa, an sare geron, faɗin da garke zai wuce a sake. Karan na kwance, kawunan ba su yi ido ba, ko tsuntsu ba zai samu abin ci a jiki ba. Wani tsoho siriri, da hular kaba, yana tattara karan yana ɗaurewa. Shi ne mai gonar.

Kawu ya yi sallama, suka gaisa doguwar gaisuwa, ta mutanen da suka san juna tun suna samari. Ni ina tsaye a gefe. Da suka gama na durƙusa.

Na ce, "Baba, ni na shafa fentin nan. Ba gwamnati ba ce, ba kwamiti ba ne, kuma ba wanda ya kai ƙara. Ni malamin makaranta ne."

Ya ajiye igiyar hannunsa. "To wa ya aiko ka, malam?"

"Ba kowa."

"Mi kake nema ga hanyar?"

Ku gaya min yadda mutum zai yi wa tsohon da ya sare abincin gidansa bayanin tsaunin Turai. Na ciro waya, wauta ta sa na nuna masa hoton dutsen abokina. Ya karɓa ya kai kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Su can, ba su noma wurin?"

Na ce ba sa yi, Baba, daji ne aka keɓe.

Ya miƙo min wayar. "To shi ya sa."

Na yi ta ba shi haƙuri. Na tambaye shi me ya sa bai jira an zo ba, ko ya tambaya. Ya zauna a kan damin karan, ya dubi Kawu, ba ni ba.

Ya ce, "Wanga wuri burtali na. Shi ya sani, ni na sani. Ubana ya ci shi kaɗan-kaɗan, kowace shekara taki guda, ni ko na gada na yi shiru. Shekara talatin in na ji mota ta tsaya bakin hanya sai gabana shi hwaɗi. Da na ga jan ga, na ce ranar ta zo. Na ce da a kira ni gaban hakimi da hurhurata, gara in sare da hannuna."

Kawu ya ce, "Ni ban taɓa kai ka ƙara ba."

"Na sani. Kana zagayawa da shanunka ta kan dutse, suna ɗingishi, kana gaishe ni. Wanga ya hi ƙara zahi."

Ni dai da ƙasa za ta tsage da na shige.

Daga nan muka je wurin maigari, inda ya kamata in fara zuwa tun ranar farko. Na maimaita bayanina a gaban mutane. Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba, wani ya tambaya ko lafiyata ƙalau. Maigari ya ce hannun da ya shafa shi zai kankare. Kwana biyu na yi ina bin burtalin da wuƙa ina kankare fenti, Kawu na biye da ni da sandarsa. Wannan karon ba ƙauyen da muka wuce ba mu zauna ba. Aka ba mu fura, aka tambayi mahaifiyata, wata tsohuwa ta ce ita ta yi mata kitson aure. A wurin kukoki biyu Kawu ya nuna min inda kakana ya taɓa kwana uku da saniya mai naƙuda. Na taka wurin nan kwanaki kaɗan kafin haka, ban ga komai ba sai inda zan sa buroshi.

Gawon muka bari na ƙarshe. Na ɗora wuƙa ke nan tsohon ya ɗaga min hannu daga inda yake.

"Bar wanga."

Na ce, "Baba, maigari ya ce duka."

"Na ce ka bar shi. In na mutu ɗiyana su san inda gona ta tsaya."

Da rani Kawu ya kai garkensa suka yi wata guda suna kwana a sauran gonar don taki, ni kuma na yi wa tsohon girbi shekara biyu a jere, duk da ya ce ina ɓata masa kara fiye da yadda nake yanka. Amma kada in yi muku ƙarya, geron waccan shekarar ya tafi. Na ji daga baya cewa rumbunsa bai kai su damina ba, sai da ya sayar da tunkiya. Bai taɓa faɗa min ba, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Abokina ya dawo tuni. Da na ba shi labari ya ce ai a can ma ba kowa ke shafa fentin ba, ma'aikatan gandun ne, bayan an zauna da mutanen wurin. Na ce ka makara da wannan bayani.

Ƙafata ba ta daina ƙaiƙayi ba. Har yanzu in hutu ya zo ba na iya zama, kuma har yanzu ina son ganin tsaunin nan da idona. Abin da ya canza shi ne ba na ƙara wuce gari ta baya. Na gane cewa a wurinmu hanya a bakin mutane take, kuma kowane itace da ka gani a tsaye akwai wanda ke kwana da shi a rai.

Tsohon ya rasu shekara uku da suka wuce. Bana da na bi burtalin na tarar 'ya'yansa sun yi shuka har gindin gawon, sun tsaya daidai nan. Fentin ya koɗe, sai ka matsa kusa kake ganinsa. Ina tsaye sai ga shanun Kawu sun taho ta filin da aka sare, ba mai ɗingishi, babban ɗan tsohon na duƙe yana noma bai ko ɗago ba. Da ya gan ni ya miƙe ya share gumi.

Ya ce, "Malam, in ka tashi zuwa baɗi ka taho da gwangwaninka. Jan ya kusa ɓacewa."